Sinadaran kitse: leftin, cin abinci da haihuwa

Kitsen jikin mutum gaɓa ce mai zuba sinadarai cikin jini, su kai saƙo ga ƙwaƙwalwa da hanta da tsoka da gabobin haihuwa. Mafi shahara a cikinsu shi ne leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa siriri.

Yawan leftin na bin yawan kitse. Idan mutum ya rame, leftin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya shigo: ta taso da yunwa, ta rage ƙona kuzari, ta kuma dakatar da umarnin da ke sa mace ta saki ƙwai. Shi ya sa al'ada kan ɗauke wa macen da yunwa ta ƙwaƙule, ko 'yar tseren da ta matse jikinta ainun. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka bayyana yara biyu 'yan dangi ɗaya da aka haifa ba su da leftin; ci suke ba ƙoshi. Irin waɗannan kan warke da allurarsa. Masu teɓa kuwa leftin gare su jingim, ƙwaƙwalwa ce ta toshe kunne, don haka allurar ba ta yi musu wani abin kirki ba.

A zangon Kumasi ta ƙasar Gana, daga Aboabo zuwa Asawase, amarya in ta yi kumatu sai a ce aure ya karɓe ta, har wasu kan nemi maganin ƙiba a kemis. Maganar da ƙamshin gaskiya, tunda ɗaukar ciki na son ajiyar kitse, amma tana da iyaka. Kitse na juya sinadarin maza ya koma estirojin, wato sinadarin mata, kuma in ya taru a tumbi jiki kan daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, da kyau. Duka biyun na rikita kwanakin al'ada, musamman ga mai ciwon ƙullutun ƙwayayen haihuwa, wadda rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta kan dawo mata da sakin ƙwai. Maigida ma bai tsira ba: tumbi na rage masa testosteron, wato sinadarin maza, da ingancin maniyyi, ko da yake an fi saurin kai uwargida asibiti.

Akwai kuma adifonektin, da aka gano a 1995. Yana taimaka wa tsoka da hanta ƙona mai da jin insulin, sai dai shi raguwa yake yi idan kitse ya ƙaru.