Hitar Ruwa ta Sola: Yadda Take Aiki da Matsalolin da Kan Same Ta

Hitar ruwa ta sola na'ura ce da ake ɗorawa a kan rufin gida ko a kan dandamali, tana dumama ruwan wanka da na wanke-wanke da zafin rana. Mutane kan rikita ta da faifan sola mai ba da lantarki, alhali aikinsu daban: ita ba ta samar da wuta, zafin ranar take tarawa ta miƙa wa ruwa kai tsaye. Clarence Kemp na birnin Baltimore a Amurka ne ya yi rajistar ta farko da ta shiga kasuwa a 1891. A 1909 William Bailey na Kalifoniya ya raba wurin dumamawa da tankin ajiya, aka soma samun ruwan zafi har da asuba. Isra'ila ta wajabta ta a sababbin gidaje tun 1980, Sin kuma ce kan gaba wajen ƙera ta. A Yamai, hukumar ONERSOL da Farfesa Abdou Moumouni ya jagoranta ta ƙera irinta, haka ma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta yi aiki a kanta.

Yadda take aiki

Iri biyu aka fi gani. Akwai mai faffaɗan faranti baƙi da bututan jan ƙarfe a ƙarƙashin gilashi. Akwai kuma mai jerin bututan gilashi masu bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar cikin filas na shayi, don kada zafi ya tsere. Yawancin na gidaje ba su da injin tura ruwa. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Wannan zagayen ba shi da ƙarfi, ɗan abu kaɗan ke tsayar da shi, kuma a nan mafi yawan matsaloli suke. Da wuya farantin kansa ya lalace. Shi ya sa gogaggen mai gyara ba ya fara kwance komai sai ya tambayi masu gida: ruwan ba ya zafi ne sam, ko yana zafi da yamma ya huce kafin asuba?

Idan ruwan ba ya zafi

Abu na farko shi ne ƙura. A ƙasashen da hunturu ke kaɗawa, lokacin da aka fi bukatar ruwan zafi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da hazo ke rage ƙarfin rana, ƙura kuma ta lulluɓe gilashin. Gogewa da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe kan wadatar. Sai inuwa: bishiyar da ta girma, tankin maƙwabci, ko bene da aka gina daga baya. A arewacin ikwaita ana fuskantar da na'urar kudu, da karkatar da ta yi kusa da digirin wurin a taswira. Kano tana wajen digiri 12, amma akan ƙara kaɗan zuwa 15 don ruwa ya iya hawa, ruwan sama kuma ya riƙa wanke gilashin.

In duk wannan lafiya, sai a taɓa bututai da tsakar rana, a hankali. Farantin ya yi zafi zau amma bututun da ke kai wa tanki da ɗumi-ɗumi, to ruwa ba ya zagayawa. Sau da yawa iska ce ta maƙale a inda bututu ya lanƙwasa sama ya sake gangarowa. Dole bututun ya riƙa hawa ba tare da kwari ba tun daga faranti har tanki. Wani lokacin kuma ɓawon farar ƙasa ne ya toshe hanya. Ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin kalsiyam yana ajiye wannan ɓawo, kuma ajiyar na ƙaruwa da zarar zafi ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Ana narkar da shi da ruwan khal ko sinadarin tsamin lemo, a ɗauraye sosai.

Bututan gilashi suna da alama mai sauƙin ganewa. Gindin lafiyayyen bututu yana ƙyalli kamar azurfa. Idan ya koma fari, iska ta shiga, bututun ya tashi aiki. Wanda jikinsa ya yi zafi a rana shi ma ya mutu, domin lafiyayye ba ya barin zafi ya fito waje. Ana canza ɗaya a bar saura.

Idan yana hucewa da dare

Nan zagayen ne ke juyawa baya. Da dare farantin ya fi tanki sanyi, in tankin bai ɗara saman farantin da kamar santimita 30 ba, ruwan zafi kan sulalo ƙasa ya huce. Wannan kuskuren wanda ya kafa na'urar ne, kuma maganinsa ɗaga tanki. A masu injin turawa, bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ne kan maƙale a buɗe. Sauran dalilai su ne soson da ke naɗe da bututai don riƙe zafi, wanda rana ke cinyewa in ba a rufe shi ba, da famfon da ke ɗiga dare da rana, yana jawo ruwan sanyi cikin tanki.

Wasu tankunan suna da hitar lantarki a ciki don ranakun gajimare. Takan ɓoye matsala wata da watanni, ba a ganewa sai an daɗe babu wuta. Hanyar gwaji ita ce a kashe ta kwana biyu na rana mai kyau, a ga abin da rana kaɗai za ta yi.

Yoyo, fashewa da wari

Yoyo ya fi fitowa a zoben robar da ke riƙe bututun gilashi a jikin tanki, da kuma mahaɗan bututai. Bututun roba na ruwan sanyi, irin PVC, yana laushi in zafi ya wuce digiri 60, don haka bai dace da wannan aiki ba. Jan ƙarfe ko PPR, wato bututun roba mai jure zafi, ake sawa. Fashewar gilashi kuwa galibi tana biyo bayan ɗaukewar ruwa. Bututun da babu ruwa cikinsa kan wuce digiri 200 a rana, da an sako masa ruwan sanyi sai ya tsage. Ana cika na'urar ne da asuba ko bayan magariba.

Tanki marar matsi, wato wanda ruwa ke gangarowa daga cikinsa da nauyinsa kawai, yana da ɗan bututun shaƙar iska a sama. Wasu kan toshe shi don yana tofar da ruwa, wannan kuwa ganganci ne, tanki na iya kumbura ko ya lotse. Mai matsi kuma yana da bawul da ke sakin ruwa in zafi ko matsi ya yi yawa, shi ma ba a ɗaure shi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana zuwa ne daga ƙwayoyin bakteriya da ke haɗuwa da sandar magnisiyam da aka saka don ta ci tsatsa a madadin tanki. Sandar tana ƙarewa, ana duba ta duk shekara ɗaya ko biyu.

Lafiya

Ƙwayar Lejiyonela mai jawo ciwon huhu tana yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, tana mutuwa a 60. Sai dai ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, musamman ta yara da tsofaffi, a bazara kuma hitar sola kan kai ruwa kusa da tafasa. Don haka ake sa bawul mai sirkawa a bakin fita. Gidan da za a rufe a yi tafiya mai nisa, ana lulluɓe farantin da tamfol mai kauri a ɗaure shi tam, a bar tankin cike da ruwa.