Wat: kalmar da aka mayar ma'aunin haske

Tun watan Afrilun 2024, da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kan kowane yunit, kalmar wat ta shiga bakin kowa. Mai sayar da sola na faɗinta, mai shago na faɗinta, a rediyo kuma sai ka ji ana cewa gwamnati za ta samar da megawat dubu kaza "a kowace rana". Wannan "a kowace rana" ɗin kuskure ne, domin wat da kansa ma'aunin saurin cin wuta ne ko samar da ita a daidai lokacin da ake ciki. Kamar famfo ne: ƙarfin zubar ruwan shi ne wat, abin da ya taru a bokiti shi ne yunit. Wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, yunit ɗaya ke nan a mita.

Amma abin da ya fi ɓata mini rai yana kasuwar kayan wuta. Mutum zai sa fitilun silin a sabon kantinsa, irin faffaɗan nan da ake ɗaurawa a fuskar silin ba tare da an huda shi ba, tambayarsa ɗaya ce: "Wat nawa ce?" A ransa haske yake tambaya. Mai kaya ya gane haka sarai, shi ya sa kwalaye suka cika da manyan lambobin da abin da ke ciki bai kai su ba.

Sunan ma na mutumin da bai taɓa ganin ƙwan lantarki ba ne. James Watt ɗan Scotland ne, an haife shi a 1736, ya rasu a 1819, shekara 60 kafin ƙwan lantarkin da Thomas Edison ya ƙera a 1879. Shi ne ya inganta injin tururi, kuma masu sayen injinsa dawakai suka saba sa wa aiki, don haka ya riƙa auna musu ƙarfin injin da ƙarfin doki su san dawakai nawa za su huta da ciyarwa. Ƙarfin dokin nan da har yau ake rubutawa a jikin injin ban ruwa wat 746 ne. Tun asali maganar aiki da ƙarfi ake yi, ido ba ya ciki.

Haske da lumen ake auna shi. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da lumen kusan 800, sauran wutar duk zafi take zama. Ƙwan zamani na LED mai wat 9 ko 10 na ba da wannan hasken. A zamanin da ƙwai iri ɗaya ne a kasuwa, wat da haske tare suke hawa, daga nan al'adar ta samo tushe. Yanzu fitilu biyu masu wat 18 na iya bambanta nesa ba kusa ba, kuma a ganina duk kwalin da bai rubuta lumen ba akwai abin da yake ɓoyewa.

Wanda wat ya shafa kai tsaye shi ne mai wayarin. Fitila 20 masu wat 18 sun zama wat 360. A wutarmu ta bolt 230 hakan bai kai amfiya 2 ba, waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 da bireka ƙarami sun ɗauka lafiya. In sun yi awa 10 a kunne, yunit 3.6 ne, naira 810 a wancan farashin. Da dogayen ƙwayayen da ne masu wat 36, kuɗin zai ninka, ban da abin da cok, wato na'urar da ke daidaita musu wuta, ke ci. Da wannan lissafin ake zaɓar waya da inbata da batir.

Kyan aiki kuwa wani abu ne dabam. Na fi son mai wayarin da zai ja igiya ya daidaita layin fitilu, ya bi da waya cikin bututun roba mai murfi a miƙe, ya haɗa at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa don kariya, a jikin duk fitila mai gangar ƙarfe, sannan ya raba fitilu matsakaita a saman teburin ciniki da lungunan kaya. Fitila ɗaya ƙatuwa a tsakiyar shago tana kashe ido a ƙarƙashinta, kusurwoyi kuma su zauna cikin duhu, ko da an rubuta wat 100 a kwalinta.