Tiyatar cire nono biyu bayan an gano sankarar mama

Tiyatar cire nono biyu aiki ne da likitocin tiyata ke yi inda za a ɗebe naman nonon dama da na hagu gaba ɗaya, galibi rana ɗaya cikin barcin allura ɗaya. Ana yinta ne ko dai dan cutar ta kama duka biyun, ko kuma ɗaya ta kama amma aka ga ɗayan ma yana cikin haɗari sosai. A ƙauyukan Kano da Jigawa in ka ji an ce wance za a yanke mata mama to yawanci ɗaya ake nufi, cire biyun bai yawaita ba, amma yanzu mata na jin labarinsa a waya da rediyo, wasu har su je suna roƙon likita ya cire duka su huta, wasu kuma da jin an ambaci wuƙa sai su ɗau takardunsu su koma gida ba a ƙara ganinsu sai abu ya lalace.

Sankarar mama ita ce kansar da ta fi kama mata a Najeriya. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna sabbin kamu sama da 32,000 a ƙasar nan cikin shekara ɗaya, waɗanda suka rasu kuma sun haura 16,000. Babban dalilin yawan rasuwar shi ne akasarin mata sai cutar ta kai mataki na 3 ko na 4 suke isa asibiti, bayan an sha jiƙe-jiƙe, an shafa, wani lokacin ma wanzami ya yi sakiya a wajen ana zaton ƙurji ne.

Yadda aikin ya samo asali

Wani likitan Amurka, William Halsted, shi ya shahara da wannan aiki tun shekarun 1880. A zamaninsa har tsokar ƙirji ake kwashewa tare da nonon da kaluluwar hammata, mace ta tashi ƙirji a rame hannu ba ƙarfi. A 1948 David Patey a Landan ya nuna za a iya barin babbar tsokar ƙirjin, kuma irin wannan salon ne aka fi yi a asibitocinmu har yau. Daga shekarun 1970 kuma Bernard Fisher a Amurka da Umberto Veronesi a Italiya suka gwada cire ƙullutun kaɗai a bar nonon sannan a yi gashi da na'ura, sakamakon shekara 20 da suka fitar a 2002 ya nuna in cutar tana ƙarama, wadda aka cire wa ƙullutu aka gasa da wadda aka cire wa nonon duka tsawon ransu ɗaya ne. Sai dai a nan arewa na'urar gashin ba ko'ina take ba, ga shi ana zuwa a makare, shi yasa cire nonon gaba ɗaya ya fi yawa.

Wace ce ya kamata ta cire biyun

Nan ne fa ya kamata a tsaya a fahimta da kyau. Hankali zai ba mutum cewa in an cire biyu an fi tsira, tunda rigakafi ya fi magani, amma ga yawancin mata ba haka lamarin yake ba. Abin da ke kashe mai sankarar mama shi ne ƙwayoyin cutar da suka fita daga nonon farko suka tafi ƙashi ko hanta ko huhu ko ƙwaƙwalwa, kuma cire lafiyayyen nonon ba ya dawo da su, kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar da galibi ake ƙarawa ta jijiya, da ƙwayoyin sha ne ke bin su. Matar da ba ta da gadon cutar, yiwuwar wata sabuwar sankara ta fito mata a ɗaya nonon bai kai kashi 1 cikin 100 a kowace shekara ba. Wani babban bincike da likitocin Kanada suka fitar a 2024, wanda ya bi bayanan mata sama da 600,000 na Amurka har shekara 20, ya gano cire biyun ya rage fitowar sabuwar sankara a ɗaya ɓangaren sosai, amma yawan waɗanda cutar ta yi ajalinsu bai bambanta da na waɗanda aka cire wa ɗaya ba. A ɗaya hannun kuma aikin ya fi tsawo, ciwon biyu ne, zubar jini da ruɓewar ɗinki sun fi yiwuwa, in kuma ɗinki ya ƙi warkewa sai a jinkirta kemo, wanda shi ne asara ta gaske.

Akwai dai waɗanda cire biyun ya dace da su. Ta farko wadda gwaji ya tabbatar cutar tana cikin nonon biyu. Sai mai ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar halitta ta gado, wato BRCA1 ko BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Mai irin wannan gadon haɗarin kamuwarta a tsawon rayuwa ya kai wajen kashi 70 cikin 100, in kuma ta riga ta kamu a ɗaya, haɗarin ɗayan cikin shekara 20 ya kai wajen kashi 40 ga mai BRCA1, kashi 26 ga mai BRCA2. Saboda wannan ne 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta sanar a 2013 cewa ta cire nata biyun tun ba ta kamu ba. Kuma kar a ɗauka abin na Turawa ne, binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi kan matan Ibadan masu cutar, wanda ya fito a 2018, ya samu kusan 1 cikin kowace 9 tana ɗauke da ɗaya daga cikin biyun. Gwajin gadon yana da tsada kuma ba a kowane asibiti ake yinsa ba, dan haka tarihin gida shi ne abin da likita zai riƙe: uwa ko 'yar'uwa ko goggo da ta yi ciwon nono tana da ƙuruciya, ko sankarar ƙwan mace, ko ma namiji a dangi da ya yi sankarar nono. A ƙauye ana ɓoye irin wannan, a ce wance ai ciwon daji ne ko jifa aka yi mata, to a daure a tambayi tsofaffin gida kafin ranar ganin likita, kuma dangin uba ma suna cikin lissafi ba na uwa kaɗai ba.

Kafin a kai ga wuƙa

Ba a yarda a cire nono sai an ɗebi ɗan nama daga ƙullutun an kai ɗakin gwaji an tabbatar, dan ƙullutu da yawa ba sankara ba ne. Maganar da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu ba gaskiya ba ce, kuma ta ci rayukan mata da yawa. Gwajin naman zai nuna ko cutar tana cin abinci daga sinadaran jikin mace ne, wanda ke nufin ƙwaya irin tamozifen za ta yi aiki shekara 5 zuwa 10, ko tana da alamar HER2, wato wani sinadari da ke sa cutar saurin girma, ko kuma ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan alamomin, irin da ta fi zafi kuma ta yawaita a matan Afirka ta Yamma. Za a ɗau hoton ɗaya nonon, a duba ƙirji da ciki. In ƙullutun babba ne ko ya fashe, sau da yawa kemo za a fara dan ya motse, sai a yi aikin bayan kamar sati 3 zuwa 4 da gama shi. In kuma cutar ta riga ta bazu jiki, cire nono biyu ba shi ne maganar ba ma.

Mai zuwa daga Gaya ko Rano ko Ringim ko Gumel, hanyar dai ita ce daga babban asibitin yankinsu a tura ta gaba, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke Birnin Kudu. Gashi kuwa an saba tura mutane Shika a Zariya ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Kuɗi abu ne da ya kamata a zauna a lissafa tun farko, har da na mota da na kwanan mai jinya, dan gida da yawa sukan sayar da akuya da buhun gero a biya tiyata sai kuma kuɗin kemo ya gagara a tsaya a rabi. A tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin game da asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya, da inshorar lafiya ta jiha, KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa.

Maganar maigida ba a tsallake ta. A doka sa hannun matar ne ake buƙata tunda jikinta ne, amma kowa ya san in miji bai gamsu ba tafiyar ma ba za ta yiwu ba. Wani bincike da likitocin Zariya suka fitar a 2010 kan matan aure 81 da aka cire wa nono ya samu kashi 38 cikin 100 aurensu ya mutu ko sun rabu cikin shekara 3, to tsoron da mata ke ji ba na banza ba ne. Abin da ya fi shi ne a shiga da shi ɗakin likita ya ji da kunnensa, za ka ji likita na cewa "Malam, ba ya yaɗuwa daga ita zuwa kai, kuma za ta iya haihuwa in Allah ya so bayan ta gama magani." Haihuwa tana yiwuwa ɗin, shayarwa ce dai babu ita bayan an cire biyun, sai madarar gwangwani ko wata ta shayar, kuma wannan kaɗai ya isa mai ƙuruciyar da ba ta da gadon cutar ta yi tunani sosai kafin ta ba da lafiyayyen nononta.

A satin aikin za a auna jini da sukari da hawan jini, a ce 'yan'uwa su zo su ba da jini a ajiye. A gaya wa likitan barci duk abin da ake sha har da asfirin da jiƙon gargajiya, kar a ji kunya, wasu suna hana jini tsayawa. Ana daina cin abinci aƙalla awa 6 kafin shiga. A ɗinka riguna biyu ko uku masu faɗi da ake buɗewa ta gaba, dan ɗaga hannu a zura riga ta ka zai yi wuya, a kuma samu wadda za ta karɓi girki da yara na aƙalla wata ɗaya.

Bayan an farka

Za ta ga bandeji ya kewaye ƙirjin, da siririyar roba ta fito ta gefe kowane ɓangare tana zubo ruwa mai ja-ja cikin 'yar jaka ko kwalba. Kullum ana juye ruwan a auna a rubuta, nas za ta nuna wa mai jinya, "Yaya ki duba layin nan, in ya sauko ƙasa da mililita 30 a kwana ɗaya sai mu cire," yawanci sati 1 zuwa 3. A maƙale jakar a jikin riga da fil kar ta fizge. Bayan an cire robar ruwa kan iya taruwa ƙarƙashin fata, likita ne zai zuƙe da sirinji, ba a kai wa wanzami. Zazzaɓi, jan fata mai zafi, ruwa mai wari, duk a koma asibiti a ranar. Fatar ƙirji da ƙasan damtse sukan mutu ba a jin taɓi, wani lokacin har abada, dan haka a kiyayi gasa wajen da ruwan zafi ko zama dab da murhu, mutum zai ƙone bai sani ba.

Da yake hannun biyu abin ya shafa, ba wanda zai ɗauke wa ɗaya. Daka, jan guga, tuƙa tuwon gida guda, ɗaukar tulu, goyo, duk a ajiye su sati 4 zuwa 6 sannan a dawo a hankali. Amma kuma ba a naɗe hannu a zauna, kafaɗa za ta sandare. Ana tsayawa gaban bango a dinga hawa da yatsu sama kaɗan-kaɗan kullum, a sa alama da gawayi inda aka kai. Ɓangaren da aka kwashe kaluluwar hammata hannun kan iya kumbura ko bayan shekaru, dan haka a kiyaye shi daga yanka da ƙaya da ƙuna da matsattsen awarwaro, in an ga ya fara nauyi a nuna da wuri.

Ana iya sake gina nonon da roba ta musamman ko da naman cikin matar, amma a nan masu yin aikin kaɗan ne kuma da tsada, mafi yawa ƙirjin a shafe ake barinsa. Mai son haka ta faɗa wa likita tun kafin aiki ya daidaita ɗinkin kar ya bar tattarar fata a gefe. Akwai nonon sawa na cikin rigar mama, wasu ma da auduga da yadi mai laushi suke ɗinka nasu. Baƙin ciki da kuka bayan an ga tabon abu ne da ke samun mata da yawa, bai kamata a ce mata rashin tawakkali ba ne, in ya daɗe har ya hana barci da cin abinci a gaya wa likita.

Naman da aka cire ana kai shi gwaji, sakamakon shi zai nuna ko akwai sauran kemo ko gashi ko ƙwaya, dan haka a bi shi a karɓo, kar a bar shi a asibiti. Cire biyun ma ba ya kawar da haɗarin gaba ɗaya, cutar kan iya dawowa a kan tabon ko a hammata ko saman ƙashin wuya, shi yasa ake ci gaba da zuwa asibiti duk wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara, kuma sabon ƙullutu ko ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya ko tari mai naci ba a jira ranar da aka rubuta a kati.