Hanyar Binciken Kimiyya

Hanyar binciken kimiyya ita ce tsarin da ake bi a tantance gaskiyar wani zance game da halitta ta hanyar lura, awo da gwaji, ba don wani babba ya faɗa ba. Littattafan makaranta sukan jera ta daki-daki: a lura da abu, a yi tambaya, a yi hasashen amsa, a gwada, a rubuta abin da aka gani, sannan a yanke hukunci. A aikace kuwa matakan kan cuɗanya, don sau da yawa sakamakon gwaji ne ke sa mai bincike ya koma baya ya gyara tambayarsa.

Cikin waɗanda suka share fagen wannan tsari akwai Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitab al-Manazir ya nuna ta gwaji cewa haske a miƙe yake tafiya, ya kuma kafa hujjar cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. A 1620 Francis Bacon na Ingila ya yi kira da a gina ilimi bisa lura da gwaji.

Misalin da ya fi saurin shiga kan ɗalibi shi ne na Francesco Redi, likita ɗan Italiya, a 1668. A zamaninsa an ɗauka cewa ruɓaɓɓen nama ne ke haifar da tsutsa da kansa. Redi ya zuba nama a kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya toshe wasu. Na buɗe suka cika da tsutsa, na toshe ko ɗaya babu. Sai dai ana iya cewa rashin iska ne ya hana, saboda haka ya sake gwajin da ƙyalle mai ƙananan huji a bakin kwalba: iska na shiga, ƙuda ba ya iya shiga. Ƙudaje suka yi ƙwai a kan ƙyallen, naman ciki bai yi tsutsa ba, abin da ya nuna daga ƙwan ƙuda tsutsar ke fitowa. Ƙarfin wannan gwaji yana cikin kwatanci ne: nama iri ɗaya, wuri ɗaya, abu guda kawai aka canza.

A Najeriya ana fara darasin kimiyya tun daga firamare, kuma Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Najeriya, wato STAN, wadda aka kafa a 1957, ta daɗe tana shirya littattafai da bitar malamai. Duk da haka, abin takaici ne yadda a ajujuwa da yawa ake bai wa yara matakan su haddace ba tare da sun taɓa gwada komai da hannunsu ba. Rashin ɗakin gwaji ba uzuri ba ne a wannan mataki. Ƙwayar wake da auduga da kofuna biyu sun isa: a jiƙa audugar ɗaya, a bar ɗaya a bushe, ɗalibai su faɗi hasashensu tun kafin a fara, su riƙa auna tsiron da rula kowace safiya. Idan sakamako ya saɓa wa hasashe, yadda ya zo ake rubuta shi, sannan wani rukuni ya maimaita gwajin a ga ko zai samu abu ɗaya.