Waiwaye: Daga Hatimi da Kati Zuwa Haya a Laburaren Shari'a

Kowane laburaren shari'a yana da wani ɗaki can ciki wanda ɗalibi ba ya shiga. A nan ake buɗe kwalayen littattafai, a shigar da su rajista, a buga musu hatimi, a ba kowanne lamba, a rubuta masa kati. Wanda ya taɓa leƙawa zai tuna ma'aikacin da ke zaune da ambulan cike da sababbin shafuka, ga takardar umarni a gefe: zare shafi kaza, saka wannan a madadinsa. Doka kullum cikin gyara take, shi ya sa ake yin wasu kundaye da maƙalli maimakon ɗinki. In aka tsallake ambulan ɗaya, lauya na iya tsayawa gaban alƙali da sashen da aka riga aka soke.

Hatta jera littattafan sai da aka sha fama, don tsarin Dewey bai wadatar da fannin shari'a ba. Elizabeth Moys, 'yar Ingila da ta yi aiki a laburaren Jami'ar Legas, ita ta tsara na littattafan shari'a wanda aka buga a 1968, kuma har yau da shi laburarorin shari'a da dama a Najeriya ke aiki.

Na'ura ta shigo ne sannu a hankali. A shekarun 1960 laburaren majalisar dokokin Amurka ya ƙirƙiro MARC, hanyar rubuta bayanin littafi yadda kwamfuta za ta karanta. Sai rumbunan bayanan shari'a na kwamfuta: Lexis ya fito a 1973, Westlaw a 1975, HeinOnline kuma a 2000. A Najeriya takarda ta daɗe tana jan zarenta, musamman rahotannin shari'a na mako-mako da lauya Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, kafin irin su LawPavilion su kawo hukunce-hukuncen kotu kan allo.

Inda gizo ke saƙar shi ne mallaka. Littafin da aka saya ya zama na laburare ke nan, ko kuɗi ya yanke yana nan a kan kanta. Rumbun intanet kuwa haya ce. Ma'aikacin da ya ƙware a hatimi da kati sai ya wayi gari yana karanta yarjejeniyar lasisi: mutum nawa za su shiga a lokaci guda, shin ɗalibi zai iya buɗewa daga gida, me zai rage in aka daina biya. Sau da yawa amsar ta ƙarshe ita ce babu komai. Kamfani kan ƙara mujallu ko ya janye wasu, katalogi kuwa na ta nuna abin da ba shi nan, har sai wani ɗalibi ya latsa ya ga wayam ya kawo ƙorafi. Ƙa'idojin aikin ma sun sauya: sabuwar ƙa'idar rubuta katalogi mai suna RDA ta gaji tsohuwar, AACR2 ta 1978, manyan laburarori suka fara aiki da ita a 2013, dole tsofaffin hannu suka sake zama 'yan koyo.

Ga kuma mutuwar adireshi. Masu bincike a Jami'ar Harvard sun gano a 2014 cewa kusan rabin adireshin intanet da Kotun Ƙolin Amurka ta kafa hujja da su ba sa kai mai karatu ga abin da aka ambata. Laburaren shari'a na jami'ar ne ya kafa Perma.cc don adana irin waɗannan shafuka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda hukumomi ke ɗauka aikin ya ragu tunda kwalaye sun daina zuwa, sai su bar ɗakin da mutum ɗaya ko biyu. Alhali rumbunan waje da dala ake biyansu, kuma tun faɗuwar naira a 2023 sabunta rajista ya zama jan aiki. Laburaren da ya daina sayen takarda saboda ya dogara da haya, ranar da biya ya gagara, ɗalibin da ke neman hukuncin bara ba zai same shi a kanta ba, ba zai same shi a allo ba.