Sulhu a Ƙasar Kabi da Zamfara

Sulhu zama ne da masu jayayya suke yi a gaban wanda dukansu suka yarda da shi, domin a kashe wutar rikici ba tare da an kai ga alƙali ba. Kalmar daga Larabci take, kuma malamai kan kafa hujja da aya ta 128 ta Suratun Nisa'i, inda aka ce sulhu alheri ne.

Ƙasar Kabi ta daɗe da sanin tsadarsa. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa suka kafa gadon sarautarsu a Argungu, suka shafe mafi yawan ƙarnin suna gwabzawa da Sakkwato da Gwandu. A shekarun 1860 Sarkin Kabi Abdullahi Toga ya ƙulla yarjejeniyar da ake kira Lafiyar Toga, amma yaƙi ya dawo bayan 'yan shekaru. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa kamun kifi don girmamawa. Daga nan bikin Argungu ya samo asali, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016.

A ƙauye, sulhun da aka fi yi shi ne na ɓarnar gona. Hakimi ko dagaci yakan kira manomi da makiyayi, ga arɗo, ga liman. Ba a buɗe baki da zargi. Sai an gaisa, an tambayi iyali da dabbobi, kowa ya faɗi nasa ba a katse shi ba. Sannan dattawa su taka zuwa gonar, su ga sawun shanu da idonsu, su ƙiyasta damin gero nawa aka rasa. Wannan tattakin yana da nauyi ƙwarai, domin abin da aka gani tare ba a musunsa. Mai sulhu nagari kuma yakan tuna musu abin da ya haɗa su: makiyayi na buƙatar kara da harawa bayan girbi, manomi na buƙatar taki, dukansu kuma suna son burtali da mashaya su zauna a buɗe.

Inda babu wanda zai tsaya wa alƙawari, sulhu ba ya ƙarko. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta zauna da 'yan bindiga da 'yan sa-kai a Zamfara, aka sako mutane da dama da aka sace. Sai dai ƙungiyoyin 'yan bindiga a daji suna da yawa, alƙawarin wannan bai ɗaure wancan ba. Hare-hare suka dawo, har aka rufe layukan waya a jihar a watan Satumban 2021.