Shin addini ne kaɗai ya haddasa yaƙin Kudancin Sudan?

A majalisun Hausawan Sudan, daga garin Mai Wurno zuwa Gadarif, an daɗe ana cewa yaƙin Arewa da Kudu faɗa ne kawai tsakanin Musulmi da Kirista. Masu faɗin haka ba su da laifi, domin haka aka riƙa ji a rediyo shekara da shekaru.

Amma a duba kwanakin. Sojojin Kudu sun yi bore a Torit a watan Agustan 1955, tun kafin samun 'yancin kai a Janairun 1956. Turawan Ingila sun mulki Kudu daban, suka bar ta baya wajen makarantu da hanyoyi, kuma da za su tafi, kusan dukkan manyan muƙamai suka faɗa hannun 'yan Arewa. Maganar tsarin tarayya da aka ce za a duba, ita ma ta bi ruwa.

Yarjejeniyar sulhu ta Addis Ababa ta 1972, tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Kudu, ta kawo sauƙi. Daga baya aka samo man fetur a yankin Bentiu da ke Kudu, rigimar rabo ta taso, aka raba Kudu gida uku a 1983. Boren sojojin Kudu a garin Bor, wanda ya sake tayar da yaƙin, ya ɓarke a watan Mayun wannan shekara, dokokin shari'ar Musulunci kuwa sai a Satumba gwamnati ta kafa su. Sun ƙara wa wutar itace, gaskiya ne, amma sun tarar da ita tana ci. Ga kuma Musulmin Dutsen Nuba da Blue Nile da suka yi yaƙi a ɓangaren 'yan tawayen Kudu.

In an ba ku irin wannan labari, ku jera shekarun, ku ga me ya riga me, sannan ku karanta abin da marubutan kowane ɓangare suka rubuta. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.